Daga Rumfar Waya Zuwa Aljihu: Tarihin Taron Bidiyo da Inda Kasuwarsa Ta Dosa

Ranar 5 ga Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya rufe Skype. Manhajar da ya saya a 2011 kan dala biliyan 8.5, wadda ta shafe kusan shekara 22 tana haɗa mutanen da ke ƙetare da iyalansu, ta tafi ba tare da wani dogon makoki ba. Abin ɗaure kai shi ne lokacin da hakan ta faru. Ba a taɓa yin zamanin da mutane ke kallon fuskar juna ta waya kamar wannan ba. Ke nan mai sayar da ruwa ne ya karye a tsakiyar bazara.

Duk shekara kamfanonin binciken kasuwa suna fitar da rahotanni kan manhajojin taro, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke faɗa: kasuwa tana girma, za ta ci gaba da girma. Mu masu sana'ar rubuta manhaja muna yawan cin karo da irin waɗannan rahotanni, domin da su ake lallashin masu zuba jari. Amma waiwaye adon tafiya ne. Idan muka bi tarihin wannan kasuwa na kusan shekara ɗari, za mu ga cewa hajar da ake sayarwa a cikinta ba ta zama wuri ɗaya. Da farko na'ura ce, daga baya ɗaki, daga baya sauƙin shiga, yanzu kuma maganar da aka yi a taron. Duk wanda ya yi hasashe bisa hajar jiya, shi ne ke tafka asara.

Rumfar da babu wanda za a kira

A 1927 injiniyoyin kamfanin tarho na Amurka, AT&T, suka tura hoto mai motsi na Herbert Hoover daga Washinton zuwa New York. Lokacin yana sakataren kasuwanci, bai zama shugaban ƙasa ba tukuna. Su suna ganinsa, shi ba ya ganinsu. Jamusawa ne suka fara buɗe wa jama'a abin a 1936, inda hukumar gidan waya ta kafa rumfuna a Berlin da Leipzig, mutum ya shiga ya biya ya ga wanda yake magana da shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka rufe su a 1940.

Babban yunƙuri ya zo ne a 1964, lokacin da AT&T ya nuna wayarsa mai hoto, Picturephone, a bajekolin duniya da aka yi a New York. A shekarar aka kafa rumfuna a New York da Washinton da Shikago. Kiran minti uku daga New York zuwa Washinton dala 16 ne, zuwa Shikago kuwa dala 27, a kuɗin wancan zamani. Sannan dole kai da wanda za ka kira ku tsayar da lokaci, kowa ya tafi rumfar garinsu ya zauna jira. A 1970 kamfanin ya fara kai wayar ofisoshi da gidaje a birnin Pittsburgh kan dala 160 a wata, kuma minti 30 kacal wannan kuɗi ke saya. Kamfanin ya yi hasashen cewa kafin 1980 za a iya samun wayoyi miliyan ɗaya suna aiki. Masu rajista ba su taɓa kaiwa 500 ba. Bayan kashe kimanin dala miliyan 500, aka haƙura.

Na'urar tana aiki, hoto yana fita. To me ya kashe ta? Tsada tana ciki, amma babban dalili shi ne babu wanda za a kira. Waya mai hoto ba ta da amfani sai abokinka ma yana da ita, shi kuma ba zai saya ba sai kai kana da ita. Akwai kuma abin da injiniyoyin ba su sa a lissafi ba: mutane da yawa ba sa son a gan su. Wayar murya tana rufa asiri, kana iya amsawa kana kwance ko kana cin abinci. Wayar hoto kuwa sai ka kintsa, ka gyara ɗaki.

Lissafin da ya matse hoto

Tsadar tana da tushe. Hoto mai motsi kaya ne mai nauyi a kan waya. Kiran Picturephone guda ɗaya yana buƙatar faɗin layin da ya ninka na kiran murya fiye da sau 300. Mu kawo lissafin kusa. Bidiyo matsakaici irin wanda wayarmu ke nunawa yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, kuma yana sauya hoto sau 30 a daƙiƙa. Idan za a tura shi ɗanye, yana cin kusan megabayit 83 a kowace daƙiƙa. Datar giga ɗaya za ta ƙare cikin daƙiƙa 12. Amma yau da giga ɗayan nan mutum yana iya yin kusan awa guda yana kiran bidiyo mai kyau.

Dabaru biyu ne suka kawo wannan. Ta farko, ba a sake tura abin da bai motsa ba. Bangon da ke bayanka da kujerarka suna nan yadda suke, don haka bambancin da ke tsakanin wannan hoto da na bayansa kawai ake turawa. Ta biyu, ana zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su. Hanyar lissafin da ake yin wannan da ita, Nasir Ahmed ne ya kawo ta, injiniya haifaffen Bangalore a Indiya, wanda ya fara tunaninta a 1972 yana koyarwa a Amurka, ya wallafa ta a 1974 tare da abokan aikinsa biyu. A 1988 hukumar sadarwa ta duniya ta ɗora ƙa'idar H.261 a kan wannan lissafi, kuma daga ita aka samo H.264 ta 2003, wadda har yau take cikin kusan kowace waya. Da wuya a samu mai kiran bidiyo da ya san sunan Nasir Ahmed, alhali kowa da guminsa yake kira.

Ɗakin manya da kwamfutar ɗalibai

Da hoto ya fara matsuwa, kasuwa ta rabu gida biyu. A gefe guda akwai masu sayar wa manyan kamfanoni ɗakin taro. A 1982 na'urar kamfanin Compression Labs dala 250,000 ce, layin kuma dala 1,000 a awa. A 1986 PictureTel ya sauko da farashi zuwa dala 80,000, layi dala 100 a awa. Har a 2006 kamfanin Cisco yana sayar da ɗaki guda mai manyan alluna uku kan kusan dala 300,000, wanda aka tsara don a ji kamar ana zaune a teburi ɗaya. Hujjar masu sayarwa ita ce kuɗin jirgi da otal da za a rage wa manyan ma'aikata.

A ɗaya gefen kuma akwai masu wasa da kwamfuta a jami'o'i. A 1992 aka rubuta CU-SeeMe a Jami'ar Cornell, ana rabawa kyauta. Hotonta ƙarami ne, baƙi da fari, kuma da farko ko murya ba ta da ita. A 1994 kyamarar QuickCam ta fito kan kimanin dala 100. A 2003 Niklas Zennström da Janus Friis, tare da masu rubuta manhaja 'yan Istoniya, suka fito da Skype, suka ƙara mata bidiyo a ƙarshen 2005. Apple ya sa FaceTime a wayarsa a 2010, Google ya saki fasahar WebRTC kyauta a 2011 don kowane burauza ya iya kiran bidiyo, WhatsApp kuma ya kawo nasa a 2016.

Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, hoton waɗannan manhajoji ya sha daskarewa. Amma su ne suka warware matsalar da ta kashe Picturephone, domin yanzu wanda za ka kira yana da na'urar a aljihunsa tun kafin ka neme shi. Mummunan hoto a hannun kowa ya kayar da kyakkyawan hoto a ɗakin 'yan kaɗan.

Mutumin da ya sayar da sauƙi

Eric Yuan haifaffen ƙasar Sin ne da ofishin jakadancin Amurka ya hana biza sau takwas, sai a karo na tara ya samu. A 1997 ya shiga WebEx, ɗaya daga cikin kamfanonin farko na taro ta intanet, wanda Cisco ya saya a 2007 kan dala biliyan 3.2. Yuan ya ga abokan ciniki suna ƙorafi, ya nemi a sake gina manhajar daga tushe don ta dace da waya, ba a amince ba. A 2011 ya fita da injiniyoyi kimanin 40, a Janairun 2013 suka fito da Zoom.

Zoom ba ta ƙirƙiro kiran bidiyo ba. Abin da ta cire shi ne wahalar shiga. A Skype sai ka buɗe asusu, ka san sunan mutum, ka aika masa buƙata, ya amince. A Zoom adireshin taro kawai za a turo maka, ka danna, ka shiga, ko ba ka da asusu. Minti 40 kyauta ne. Idan sabis ya yi rauni, manhajar tana rage kyan hoto don murya ta tsira. Ita kuwa Skype an gina ta ne a kan tsarin da kwamfutocin masu amfani ke taimaka wa juna wajen isar da kira. Tsarin ya dace da kwamfutar tebur da ke kunne dare da rana, amma bai dace da waya mai batir ba, kuma Microsoft ya ɗauki shekaru yana sauya shi.

Sai annobar korona ta zo. A Disamban 2019 masu shiga taron Zoom a rana ba su wuce miliyan 10 ba. A Maris 2020 sun kai miliyan 200, a Afrilu miliyan 300. A nan akwai darasi kan karanta alƙaluma. Da farko kamfanin ya rubuta cewa mutum miliyan 300 ne, daga baya ya gyara ya ce shiga taro ake ƙirgawa, wato wanda ya shiga taro biyar a rana an ƙirga shi sau biyar.

Guguwar ta iso mu ma. A Afrilun 2020 babbar kotun Jihar Borno ta yi zama ta bidiyo. Ranar 13 ga Mayu Shugaba Muhammadu Buhari ya jagoranci taron Majalisar Zartarwa na farko ta wannan hanya. A watan ne kuma wata kotu a Legas ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta Zoom, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. A Yuli Kotun Ƙoli ta ce zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta halatta wa kamfanoni masu zaman kansu yin babban taronsu ta intanet, a 2023 aka faɗaɗa wannan dama ga waɗanda jama'a ke da hannun jari a cikinsu. Abin da AT&T ya kasa da dala miliyan 500, kulle ya yi shi cikin makonni.

Bayan an buɗe ƙofa

Masu zuba jari sun ɗauka haka za a dawwama. A Oktoban 2020 hannun jarin Zoom ya haura dala 550, har darajar kamfanin ta ɗan wuce ta ExxonMobil. Kuɗin shigarsa ya tashi daga dala miliyan 623 zuwa biliyan 2.65 cikin shekara guda, sannan biliyan 4.1. Daga nan tafiya ta yi sanyi: biliyan 4.39, biliyan 4.53, biliyan 4.67. Girman da ya wuce kashi 300 cikin ɗari ya dawo kashi 3. A ƙarshen 2022 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 70. A Fabrairun 2023 aka sallami ma'aikata 1,300, a Agustan shekarar kuma kamfanin da ya yi suna da aiki daga gida ya umarci ma'aikatansa da ke kusa su riƙa zuwa ofis kwana biyu a mako.

Mutane ba su daina taron bidiyo ba. Abin da ya faru shi ne bidiyon ya daina zama haja, ya koma gyara, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya sayi tiya. Microsoft ya fito da Teams a 2017 ya cusa ta cikin kunshin Word da Excel da kamfanoni suka riga suka biya. Kafin ƙarshen 2023 masu amfani da ita a wata sun kai miliyan 320. Google ya mai da Meet kyauta a 2020. Wane akanta ne zai amince a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka samu a gyara? Kamfanin Slack ya kai ƙara Tarayyar Turai a 2020, aka buɗe bincike a 2023, kuma Microsoft ya fara sayar da Teams daban. Amma kafin nan ƙanana sun jigata. Verizon ya sayi BlueJeans a 2020, ya sanar da rufe ta a 2023. Skype ma 'yar gidansu Teams ce ta gaje ta.

Wannan ne ya sa alƙaluman rahotannin kasuwa ba sa jituwa da juna. Wasu suna haɗawa da kyamarori da allunan ɗakin taro, wasu manhaja kawai suke ƙirgawa. Kuɗin Teams yana narke cikin kunshin Microsoft. Kiran WhatsApp kuwa, wanda da shi alhazanmu ke nuna wa iyali Harami, da shi ɗalibi a Alƙahira ke gaida mahaifiyarsa a Zinder, ba ya cikin lissafin, domin ba a biyan ko sisi ban da data. Amfani yana ƙaruwa, kuɗin da ake samu daga kiran kansa yana raguwa.

Yanzu maganar ce haja

A Nuwamban 2024 Zoom ya cire kalmar bidiyo daga sunan kamfaninsa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da manyan kamfanonin uku ke gasa a kai yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira: ta saurari taro, ta rubuta abin da kowa ya ce, ta taƙaita, ta fitar da aikin da aka ɗora wa kowa, ta fassara. A 2025 Google ya fara fassara murya kai tsaye a Meet tsakanin Ingilishi da Sifaniyanci. Masu sayar da ɗaki ma ba su mutu ba, domin a shekarar Google da HP suka nuna na'urar Beam mai nuna mutum kamar yana gabanka, kan kusan dala 25,000.

Da zarar magana ta zama haja, tambayar mai ita ta taso. A Agustan 2023 aka lura da wani sharaɗi a yarjejeniyar Zoom da ke iya ba kamfanin damar horar da basirarsa da abin da ake yi a taro. Bayan ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya sauya rubutun, ya ce ba zai yi hakan ba. Tun kafin nan, a 2020, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da zuzuta ƙarfin makullin da yake rufe taro da shi, aka sasanta.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25 bisa umarninsu. Duk fuskokin na bogi ne, kwamfuta ce ta haɗa su. Mun tashi muna jin cewa gani ya kori ji, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Shekara ɗari aka yi ana wahalar kawo fuska kan waya don a ƙara yarda, ga shi fuskar ta iso a lokacin da ta daina zama shaida.

Ina muke a wannan ciniki?

Abu uku ya kamata mu sa wa ido. Na farko layi ne. A Satumban 2021 aka katse sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wanda ke aiki da kamfanin waje daga Kano, ko mai neman gurbin karatu da za a yi wa tambayoyi ta bidiyo, ya san daskarewar hoto na minti ɗaya tana iya raba shi da abincinsa. Shi ya sa a tarukanmu kyamara takan kasance a kashe, kuma saƙon murya ya fi kiran bidiyo farin jini. Manhajar da za ta ci kasuwarmu ita ce wadda ta fifita murya, ta kuma jure raunin sabis.

Na biyu harshe ne. Na'ura tana koyon rubuta magana ne daga ɗimbin sa'o'in muryar da aka naɗa aka rubuta. Ingilishi yana da wannan jibgi, Hausa kaɗan take da shi. Ga karin sauti da ke bambanta ma'ana, ga Sakkwatanci da Kananci da Damagaranci, ga yadda muke sirka Hausa da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci a jimla ɗaya. Idan darajar taro ta koma ga rubutaccen bayaninsa, taron da aka yi da Hausa zai zama kamar ba a yi ba, kuma hakan zai ƙara tura mutane su bar harshensu don na'ura ta gane su. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga masu sa kai, kuma abin da aka tara na kowa ne. Irin wannan aiki ba ya buƙatar digiri, waya da minti goma sun isa.

Na uku mallaka ce. Zaman kotu, taron majalisa, shawarar likita da sulhun iyali duk suna bi ta kwamfutocin kamfanonin da ke wata ƙasa, ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Akwai manhajoji irin Jitsi da BigBlueButton da kowace jami'a ko ma'aikata za ta iya ɗorawa a kan kwamfutarta kyauta. Ba su kai na manyan kamfanoni santsi ba, kuma suna buƙatar wuta da ƙwararrun da za su kula da su, amma maganar tana kwana a gida.

Ba mu da hanyar hana rahotannin kasuwa ci gaba da zana layi mai hawa sama, kamar yadda AT&T ya zana nasa kafin 1980, masu hannun jari suka zana nasu a 2020. Abin da za mu iya shi ne mu san hajar da ke kan faifai a yau. Kafin a danna shiga taro, mu tambaya ko ana naɗa, waye ke rubutawa, kuma ina za a ajiye. Idan kuma fuskar da ke kan allo ta nemi kuɗi, ko da ta wanmu ce uwa ɗaya uba ɗaya, mu kashe mu kira lambar da muka sani.